Wardin da Kawu Ya Zaɓa da Hanci

Kawuna mai lambu ne a wani asibiti tun kafin a haife ni, kuma taurin kai gare shi kamar ganda. Ma'aikatan wurin Mai Almakashi suke kiransa, don ba ka ganinsa sai da almakashin aske rassa a aljihu. Bai yi aure ba, bai tara komai ba. Da ya ajiye aiki sai ya dawo gidanmu, muka ba shi ɗakin baya da ɗan filin da ke gabansa.

A shekarar ne likita ya ce hawan jinin ido ya ci ƙarfinsa, ganin zai tafi a hankali, ba dawowa. Ni na fashe da kuka. Shi kuwa cewa ya yi, "Share hawayenki, ki raka ni wurin masu dashe."

Wardi yake so, irin 'yan auren nan masu fure ɗaya babba a kan dogon reshe. Shi ya bayyana mini cewa gindin na daji ne, mai jure wahala, a kansa ake ɗaura tohon mai kyau. Mai dashen ya yi ta nuna masa masu ɗaukar ido: wani ruwan lemo, wani fari tas, wani mai ratsin ja. Kawu bai ko kalle su ba. Sunkuyawa yake yana shinshina.

"Wannan kyan ɗan maciji ne, ba ƙanshi," in ji shi.

"Haba Kawu, dubi launinsa mana!"

"Ke za ki duba. Ni shekara mai zuwa da me zan duba?"

Ya ɗauki wani ja mai duhu da rana ke ƙona gefensa, da ruwan hoda mai saurin zubewa, da wani rawaya da mai dashen da kansa ya ce raggo ne. Kowanne ƙanshinsa daban, don in ya makance ya riƙa gane su daga bakin ƙofarsa.

Shekarar farko sun yi fure, wallahi har maƙwabta suna leƙowa. Ta biyu idon Kawu ya rufe. Da lokacin aski ya zo na ce ya bari in nemo wani.

"Wani wa? Ina raye?"

Ya rarrafa tsakaninsu yana laluba. Ashe taki da ƙasa sun binne ƙullin auren, gindin daji ya turo rassa masu kauri, na auren kuma zafi ya ramar da su. Duk reshen da ya ji siriri sai ya ce matacce ne, ya datse shi tun daga tushe. Ina wurin aiki. Da na dawo na tarar aikin gama ya gama, shi kuma yana ta murmushi.

Na koma wurin mai dashen a ɓoye. Ya ce irin waɗancan ba ya kawo su kuma, ba mai saye, kowa launi yake nema.

Yanzu filin ya cika da ganye, kore shar, ƙaya ko'ina. 'Yan furannin da suke yi ƙanana ne, ba ƙanshin komai. Abin yana ci mini rai. In na faɗa masa gaskiya, na ce masa hannunsa ne ya kashe su. In na yi shiru, ga abin da ake ciki.

Jiya da safe na kai masa shayi, na same shi a durƙushe, ya tusa fuska cikin ƙayar.

"'Yar nan, sun buɗe?"

"Sun buɗe, Kawu."

Ya ja numfashi, ya sake ja. Sai ya lalubi bango ya miƙe.

"To, hancin ma ya tafi ke nan," ya ce. "Kai ni ɗaki."