Mai Wanke Tambulan da Ganguna Tara

Shekara ashirin da shida Effie Cruickshank ta yi tana wanke tambulan a ɗakin ɗanɗano na masana'antar wiskin garinmu, nan bakin kogin Spey, kuma ko ɗigo bai taɓa wuce maƙogwaronta ba. 'Yar coci ce ta gidi. In an tsokane ta sai ta ce ita wanki aka ɗauke ta, ba sha ba. Da wannan aikin ta raini 'yarta Ailsa bayan rasuwar mijinta.

Kada ka raina wankin. Ruwan zafi zalla ne, ba sabulu, sai ƙyallen gogewa da ake tafasawa shi kaɗai. Effie ba ta shafa turare ko ranar biki, domin masu ɗanɗano da hanci suke aiki fiye da harshe, baƙon ƙamshi kaɗan ya isa ya ɓata wa ganga suna.

Dod Geddes mai gyaran ganga sa'anta ne, tun suna makaranta ba sa haɗuwa ba su taɓa juna da baki ba. Shi ya dage sai da aka sayo ganguna tara daga ƙasar Guyana, waɗanda suka taɓa ɗaukar giyar rake, aka juye wiskin sha'ir mai shekara goma sha huɗu ya ƙarasa nuna a ciki. Wata ashirin yana kewaya su kamar kaza da ƙwanta. A shekarar zai ajiye aiki, burinsa kawai ya ga an zuba wiskin nan a kwalba shi kaɗai, ba a haɗa shi da wani ba. Ƙa'idar gidan kuwa ba sani ba sabo: mutum biyar ke ba da maki bisa ɗari, abin da ya gaza tamanin a juye shi cikin gaurayen wiski na gama-gari, shi ke nan an shafe labarinsa.

Ranar Litinin da hantsi, kafin kowa ya sha kofi, Mista Shand shugaban masu ɗanɗano ya zauna da mutanensa. Suka shinshina, suka ɗiga ruwa, suka kurɓa, suka tofar. Suka ce akwai ayaba nunanniya, akwai zaƙin mazarƙwaila, amma can ƙasa wani ƙamshin fure na tasowa kamar sabulu, alamar gangunan sun lalace. Maki saba'in da ɗaya. Dod na tsaye a bakin ƙofa da hula a hannu, ya juya ya fita.

Effie na kwashe kaya sai ta kai hanci kan wani tambulan da ba a zuba komai a ciki ba. Fure. Ta shinshina ƙyallen gogewa, nan ma fure. Makon da ya wuce mura ta kwantar da ita, Ailsa ta zo taya ta aiki, ta haɗa ƙyallayen da kayan gida ta wanke da garin sabulu mai ƙamshi. Ita kuma hancinta a toshe, sai yanzu ya fara buɗewa.

Ta samu kujera ta zauna. Gaskiya ta ji tsoro, don Mista Shand ya taɓa sallamar ma'aikaci a kan ƙamshin man aski. In ta yi shiru babu mai sani. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma wannan maganar ta fi ƙarfin nata cikin. Ta ɗauki tambulan ɗin da ƙyallen ta ƙwanƙwasa ofishinsa.

"Yallaɓai, gangunan Dod lafiyarsu lau," ta ce. "Laifin a hannuna yake. Shinshina ka ji."

Ya shinshina, ya kalle ta ta saman tabarau. Daga nan ya ce a sake zama ranar Alhamis, ita za ta wanke tambulan da sabon ƙyalle, don bai ga wanda zai ba wa aikin ba in ba ita ba. A zaman Alhamis babu fure ko na magani. Wiskin ya tashi da tamanin da tara.

Da la'asar ta je rumfar Dod ta ba shi haƙuri. Yana buga ƙarfen ganga, ko ɗagowa bai yi ba.

"Haba tsohuwa, ai na sani tun Litinin. Da kika wuce ni da tire na ji shi a jikin rigar aikinki."

"Ka sani, ka tsaya kamar gunki ana yanka maka aiki? Me ya hana ka magana?"

"Katako ne fa da ruwa. Ke kuwa in Shand ya kore ki, ina za ki a shekarunki?"

Effie ta buɗe baki za ta ce masa tsohon banza, sai hawaye suka riga ta. Ta tsaya nan cikin ƙurar katako tana share ido da bayan hannu, shi kuma ya ci gaba da bugun gangarsa.