Rajistar da Baba Mai Sigina Ya Karanta

Da maigidana zai tafi ƙaro karatun tauhidi ƙasar waje, a ƙarshen shekarun casa'in, ya bar mini kwamfuta a falo, an jona ta da layin tarho. Ya nuna mini yadda zan sa kwamfutar ta kira ofishin intanet da ke Jos in karɓi wasiƙarsa in aika tawa. Ya kuma sa wani abu wai fayawol, ya ce mai gadi ne, yana tare masu neman shigowa ta waya, yana rubuta duk abin da ya tare.

Wata biyu muna wasiƙa lafiya lau. Ranar nan mai gadin ya fara jefo mini tambaya, a bari ko a hana. Ni da ko ƙofar kicin sai na sa mata kwaɗo, duk abin da ya tambaya na ce a hana. Daga nan wasiƙa ta ɗauke. Sati uku ba ko gaisuwa, ga ciki wata bakwai. Na ce lallai mutumin nan ya ga fitilun Turai ya manta da Kafanchan. Na yi kuka, na yi fushi, har na sauko da akwati zan koma gidanmu Manchok. Rubutun mai gadin kuwa kullum ƙaruwa yake, layi bayan layi, an tare, an tare. Na ɗauka ɓarayi ne suka yi mana zobe.

Maƙwabcinmu tsohon ma'aikacin reluwe ne, shekarunsa duk a ɗakin sigina ya yi su, inda ake ba jirage alamar tsayawa ko wucewa. Bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Ya shigo aron tsani ya tarar da ni ido ya kumbura, na zazzage masa komai.

Ya ce, "Malama, buga mini abin a takarda in gani."

Na buga shafi huɗu, ina cewa a raina tsohon nan zai ɓata mini lokaci. Ya zauna a baranda, ya sa tabarau, ya ciro rula daga aljihun riga. Ya tambaye ni abu uku kawai: a kowane layi, wane gida ne lokaci, wane ne inda abu ya fito, wane ne inda ya nufa. Sai ya shiga bin layi ɗaya ɗaya da jan biro, bai tsallake ko guda ba. Ban taɓa ganin mutum yana karatu da natsuwa irin haka ba. Har shayin da na kawo ya huce.

Can ya ɗago ya ce, "Wannan ai rajista ce. Waɗannan masu yawan daga waje suke, sun zo an hana su, sun koma. Ba ruwanki da su, aikinsa ya yi. Amma dubi wannan. Daga cikin gidanki ya taso, kullum ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, kullum wuri ɗaya ya nufa, kullum a tare shi. Me kike yi ƙarfe huɗu?"

Na ce, "Baba, lokacin nake dawowa daga makaranta in duba wasiƙa."

Ya cire tabarau ya dube ni. "To, 'yata, jirginki ne kika tsayar a tasha."

Kunya ta kama ni. Na nemo sunan abin wasiƙar a jerin waɗanda na hana, na sake shi, na kira Jos. Baba yana tsaye bakin ƙofa, hannu a baya.

Wasiƙu goma sha huɗu suka shigo. Ta ƙarshe, layi biyu ce: ya gaya wa malamansa zai ajiye karatun, in bai ji daga gare ni ba kafin Jumma'a, zai taho gida. Ranar da na karanta kuwa Laraba ce. Nan take na rubuta masa cewa ina nan lafiya, yaron yana motsi, ya zauna ya yi karatunsa.

Da na juyo in yi godiya, Baba ya riga ya saɓa tsani ya fita.