Gaisuwar da ta Hana Ni Zuwa Ikko

Ranar Larabar ƙarshe kafin babban hutun lakwal, wato makarantar boko, shekarar da na gama aji huɗu, kakanmu ya ɗauke mu ni da Sani daga Dogarawa zuwa kasuwar Konni. Sani ɗan wan mahaifina ne, sa'ana, tabarma ɗaya muke kwana. Hadari yana ta haɗuwa a gabas yana watsewa, gari ya yi zafi kamar bakin murhu. Kaka ya ajiye mu kusa da masu sayar da igiya, ya damƙa wa kowa ƙullin kaya, ya ce mu jira shi, ya shige cikin rumfuna. Bai jima ba sai ga wani dattijo da farar riga da carbi, fuska a sake, ya yi mana sallama. Nan da nan na zube ƙasa na gaishe shi, har da tambayar iyali da gajiya. Ya sa mini albarka, ya ce, "Ku ɗiyan wa na? Ina za ku da kaya haka?" Ni kuwa baki ya buɗe. Na faɗa masa sunana da na Kaka, na ce Baba Idi, autan Kaka, zai kai albasa Ikko, wato Legas, kuma zai tafi da yaro ɗaya daga gidanmu ya riƙa zama kan buhuna. Da ya ce in kawo ƙullin ya gani, hannu biyu na miƙa masa. Sani kuwa ko gaishe shi bai yi ba. Ya matse nasa ƙullin a hamata, ya ja da baya ya jingina da bango, yana kallon ƙafafun mutumin.

Sai ga Kaka ya ɓullo daga bayan rumfa, suka tafa da dattijon suna dariya. Ashe tsohon abokinsa ne, tare suka yi gadi a Ikko, shirya abin suka yi. Kaka ya karɓi ƙullina daga hannunsa, ya dube ni ya ce, "Habu, da Ikko muke, da yanzu ko wando ba ka da shi. Sani za ya tahi."

Sai wanda ya san gidanmu zai gane zafin wannan magana. Duk cikin jikokin Kaka, ni ne na Ikko. In an dawo daga gona yara sun watse wajen langa da kokawa, ni ina gindin itacen bedi kusa da shi, ina ɓare masa gyaɗa yana ba ni labarin birni. A bakinsa na ji cewa gari ne da ruwa ya kewaye, cewa tun kafin Turawa su kafa tuta jirage suke kwasar bayi a bakin tekunsa, cewa fataucin goro ya kai Hausawa can har suka yi zango a Agege. Ya ba ni labarin dodanni masu fararen kaya da dogayen sanduna, waɗanda in sun fito sai kowa ya cire takalmi da hula, da bukin da ake tare titi dominsa, dangi duka cikin zane iri ɗaya. Ɓarayi kuwa na san su aji-aji: 'yan sane masu yanka aljihu da reza, 'yan damfara, da motar hayar da duk fasinjanta ɓarayi ne, kai kaɗai ne baƙo. Ina iya jero unguwanni, Idumota, Obalande, Oshodi, kamar yadda nake jero darasin mushe, malaminmu na lakwal. A filin lakwal na zana garin a kan rairayi, na yi gada da karan dawa, motocin gwangwani suna hawa. Sani fa? In Kaka ya fara labari, shi ya fara gyangyaɗi ke nan.

Ga shi kuma a Dogarawa kaf an san Sani da rashin gaisuwa. Ya sha ranƙwashi a kanta ba iyaka. In mun ɗauko harawa muka haɗu da manya a hanya, ni ne mai sauke kaya in durƙusa, shi sai ya sunkuyar da kai ya bi bayan jaki. Tsofaffin mata kan ce wa iyayensa su dubi Habu. Halin da aka yi ta yabona a kansa, shi ya hana ni birni, wanda aka yi ta dukan Sani a kansa kuma shi ya ɗora shi kan mota. Abin da ya fi ci mini rai, na san maganar Kaka sarai, ya faɗa ya maimaita: "Ɓarawon Ikko da sallama shika zuwa." Na haddace ta, amma da aka yi mini sallama gwiwoyina ba su tsaya shawara da ni ba.

Da safiyar tafiya na ƙi fita rakiya, na kora awaki bayan gari tun ba a buɗe na kowa ba. Daga kan tudu na hango babbar motar ta hau kwalta, da ɗan ƙaramin kai bisa buhuna. Daminar nan noman Sani ya dawo kaina, ciyawar jakinsa ma ni. Kowace kunya na kama sai in ce a raina yanzu yana kan gada, yanzu yana kallon teku, kuma na rantse bai ma san sunan abin da yake kallo ba. Kishi ya hana ni jin daɗin fura. Da innata ta ce in yi masa addu'ar dawowa lafiya, na yi, amma can ƙasa-ƙasa.

Ya dawo gab da komawa lakwal, da takalman roba da tsarabar burodi. Wannan duk na iya haɗiyewa. Abin da ban zata ba shi ne sauyin da aka samu a gindin bedi. Kaka ya daina ba da labari, ya koma tambaya. Masallacin nan na kusa da layin dogo yana nan? Matar nan mai sayar da dafaffen wake a bakin tasha fa? Sani ya amsa da kalma ɗaya ko biyu, Kaka ya yi ta gyaɗa kai, idonsa ya kawo ruwa. Wani lokaci ya jefa masa Yarbanci, Sani ya mayar, su tuntsire da dariya. Rannan na tsoma baki na gyara wa Sani sunan wata unguwa, kuma ni ke da gaskiya. Kaka bai ko juyo ba, ya ce, "Bari wanda yag gani shi hwaɗi." Na ci gaba da ɓare gyaɗata, amma tun daga ranar gefen tabarma nake zama. Kowace shekara Sani ya bi albasa, kowace shekara Kaka ya tara masa tambayoyi, har shekarar da Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ina koyarwa a Malbaza, Sani kuwa ya zama ɗan gari a Agege, da rumfarsa da iyalinsa. Yaran ajina ba mai zama gindin itace a ba shi birni. Suna ganin Legas a waya, da gadojinta da mawaƙanta da ɓarayinta, su wuce da ɗan yatsa. Sai da furfura ta fara fito mini na je, bikin ɗiyar Sani. Ya zaga da ni ko'ina, ya yi mini hidima ba kaɗan ba, amma ina bayansa a cikin cunkoso na ji tsohon kishin nan yana nan daram. Na buɗe ido na duba komai da kyau, titi-titi, ina adana amsoshi kamar wanda za a yi wa jarrabawa. Na dawo Dogarawa da yamma, aka yi mini sannu da hanya, aka kawo ruwa. Babu wanda ya tambaye ni komai.