Abin da Iya Ke Saurara a Bakin Tukunya

Ranar ƙona tukwane ita ce ranar tatsuniya a gidanmu na Wambai. Iya, kakata, maginiya ce. Takan jera tukwanen adon da ta yi wa zane da totuwar masara, ta lulluɓe su da itace da ciyawa, ta cinna wuta bayan magariba. Mu jikoki mu zauna gefe, gumi na zuba, muna jira ta fara.

Amma fa Iya akwai wata ɗabi'a. Kafin kowace tukunya ta shiga wuta sai ta kafa kunne a bakinta, ta yi tsit. Mu kuwa me za mu yi in ba dariya ba? "Iya, waya kike amsawa?" Ta ce, "Ja'irai, ku bar ni in ji."

Tatsuniya ɗaya ce ba ma so, ita kuma ba ta gajiya da ita. Wai wasu 'yan mata, ya da ƙanwa, suka je ɗibar yumɓu a wani rami bakin rafi. Na bakin ramin duk yashi ne, ba ya karɓar zane. Yayar ta ce, "Ke ce ƙarama, shiga can ciki, jan nan mai laushi yana can." Ƙanwar ta ce tana jin tsoro. Yayar ta daka mata tsawa, ta shiga. Sai ramin ya rufta. Tun daga ranar, duk tukunyar da aka gina da yumɓun wurin, in ka sa kunne za ka ji yarinya tana kira, "Yaya, Yaya."

Nan take tsayawa, ko ƙurunƙus babu. In muka ce, "To sai me ya faru?" sai ta tashi ta gyara wuta. Wallahi na daɗe ina tsoron leƙa randa.

Ina da 'ya'ya biyu Iya ta rasu. A zaman makoki wata tsohuwa daga Madalla ta ce, "Allah sarki, yau ta je ta iske Talatu." Na tambayi mahaifiyata wace ce Talatu. Ta sunkuyar da kai. "Ƙanwarta ce. Rami ya rufta mata suna yara."

Ashe Iya, baiwar Allah, duk tsawon rayuwarta jira take ta ji ko yarinyar nan ta yafe mata, mu muna dariya.

Tukunyarta ɗaya tana falona, da furannin roba a ciki. Rannan na tarar 'yata ta cire furannin ta kafa kunne. Na ce, "Me kika ji?" Ta ce, "Iska ce kawai, Mama."

Ni dai har yau na kasa sa nawa kunnen.