Rigar da Inna Ramatu Ta Bari a Rabi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, tara ga Maris, 1983, ina kan kekena na ɗinki a kasuwar Jega aka zo mini da labarin cewa Allah ya karɓi ranki a gidanki na Maiyama, Inna Ramatu, yayar mahaifiyata. Na tashi na bar wandon mutane a ƙarƙashin allura.

Mun yi shekara da shekaru muna gardama ni da ke a kan abin da za a kira ki. Ni Shehu tela ne, ɗinki ke ciyar da ni. Ke kuwa duk jaririn da aka haifa daga Maiyama har Karaye da Gumbin Kure, rigar da zai sa ranar suna daga hannunki take fitowa, da guntayen ƙyallen da kike kwashewa a rumfata, kuma ba ki taɓa karɓar ko goro ba. In na tsokane ki na ce tela, sai ki harare ni ki ce, "Ni ba tela ta ba, ɗan nan. Ina ka ga kekena?" In na ce maɗinkiya, ki ce, "Wagga ai biyanta akai. Ni hannuna dai ka ƙaiƙayi." Har kika koma ga Allah ba mu daidaita ba.

Ga kuma ɗinkinki na a baibai! Kowa na ɓoye bakin ɗinki a ciki, ke sai ki fito da shi waje, wai kada ya goge fatar jariri. Na yi dariya har na gaji, amma ko a taron suna na Aliero na hango jariri da ɗinki a waje, na san inda aka fito.

Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne jikarki. Ɗanki Hayatu da matarsa Dije sun daɗe suna jiran haihuwa, kina tufatar da 'ya'yan kowa ban da naki. Da Allah ya kawo 'ya mace, kin yi guɗa har muryarki ta dushe, kika ɗauki allura, sai ajali ya riske ki rigar tana rabi. Dije ta rungume rigar tana kuka, suna ga shi ya matso. Na ce a ba ni in zarge ta a keke. Dije ta ce, "Yaya Shehu, rigar Inna ba ta hawa keke."

Inna, da kin ga abin da ya faru ranar sadakar uku! Mata suka dinga ɓullowa ta kowace hanya, kowace da tsohuwar rigar ɗanta da ta adana a ƙasan akwati. Malama Phoebe ta makarantar firamare, wadda ta haihu a garin nan ba dangi kusa, ta zo da guda biyu. Aka shanya su a igiya, tsakar gida ya cika da launi kamar ranar salla. Sannan suka zauna da'ira, rigar jikarki tana yawo hannu zuwa hannu, kowace ta sa zarenta yadda kika koya mata. Ana hawaye ana dariya, wallahi ban taɓa ganin zaman makoki mai daɗin wannan ba.

Bakina bai iya shiru ba. Na ce, "To ku kuma mi za a ce muku? Teloli?" Malama Phoebe ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Ɗiyan Inna muke." Sai Dije ta miƙo mini allura, ta ce saura wuya. Na durƙusa a cikinsu na ƙarasa da hannu, bakin ɗinki a waje.

Ranar suna yarinya ta sa rigarta, aka raɗa mata Ramatu. Gardamarmu ta ƙare, Inna, kuma ke kika ci: duk mai ɗinki don so a Maiyama yanzu sunanki yake amsawa, har da ni.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya suturta ki da tufafin Aljanna kamar yadda kika suturta 'ya'yanmu. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hayatu da Dije da dukkan ɗiyan Inna. Allah ya ba mu haƙuri, ya raya Ramatu ƙarama. Amin.