Juyin Hagu na Azariah Budgell

Shekara arba'in da ɗaya na zauna da mijina Azariah Budgell a Botwood, garinmu na bakin teku, ban taɓa ganin ya juya kwalekwalensa ta hagu ba sai sau ɗaya. Masuntanmu duk haka suke: in za ka juya jirgi, ka bi hannun da rana ke bi, wato dama. Wanda ya saɓa, to ya gayyato wa gidansa gawa. Mijina ko cokali a shayi ba ya juyawa ta hagu.

Da manyan jiragen sama masu sauka a ruwa suka fara zuwa daga Ireland, aka ɗauke shi aikin share musu hanya. Gumaguman itace na wani kamfanin takarda kan ɓalle su yi ta yawo a ruwan, guda ɗaya kuwa ya isa ya farke cikin jirgi. Azariah yakan bi a kwalekwalensa da ƙugiya yana janyewa kafin jirgi ya sauka.

Wata Laraba da hantsi muna shanya kifi a gaɓa ni da maƙwabciyata Mahala, sai ga rurin jirgin. Ya riga ya sunkuyo. Mahala ta damƙe mini hannu.

"Tryphena, mene ne wancan baƙin a bayan mijinki?"

Gungume ne da ya sha ruwa, kansa kawai ke leƙowa, daidai inda jirgin zai dira. Matuƙi ba zai taɓa hango shi ba. Gungumen yana bayan kwalekwalen Azariah ta hagu. Ta dama kuwa duwatsu ne, kafin ya kewaye su mutanen cikin jirgin sun zama abincin kifi.

Na ga Azariah ya waiga. Na ga ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi.

"Juya mana, tsohon banza!" na kwarara ihu, kamar zai ji ni.

"Ta ina zai juya, 'yar nan?" in ji Mahala.

Kafin in amsa, kwalekwalen ya karkata. Ta hagu! Mahala ta saki kwandon kifi. Kawu Uriah, da ke gyaran raga, ya cire hularsa ya ce, "Shi ke nan, Tryphena, nemi baƙin mayafi." Ni da na ce ya juya, sai ga ni ina yi masa addu'a.

Ya caka wa gungumen ƙugiya ya ja shi gefe. Jirgin ya dira kusa da shi har feshin ruwa ya rufe shi ruf. Mutum goma sha tara suka fito lafiya lau, ba wanda ya san komai. Wata mai rigar gashi ma toshe hanci ta yi, wai garinmu na warin kifi.

Azariah ya iso gaɓa jiƙe.

"Kin gani?"

"Duk gari ya gani. Shiga ka sauya wando."

A ranar ya jawo kwalekwalen tudu ya kife shi. Ba wanda ya yarda ya karɓa ko kyauta, kajina ne suka gaje shi. Ya koma gyaran raga, ya ƙara shekara ashirin da shida, kowane tari ya ce ga sakamakon ya zo. A kan gadonsa ya mutu, cikinsa cike da dankali.