Mijina na Cikin Akwati

Ana idar da sallar asuba muka bar Kaduna, ni da dattijon da ke fitowa a matsayin mijina a wasan talabijin. Saƙon Baba ne ya tayar da ni. Wani direban lori ɗan garinmu Ƙafur ya leƙa akwatin talabijin a wani kanti, ya gan ni ina bin tsoho da muciya, ya koma gida ya baza cewa Asabe ta yi aure ba da sanin ubanta ba, har jibgar mijin take yi. Baba ya ce in zo da kayana duka, aikin ya ƙare. Kaya ban ɗauka ba, dattijon na ɗauko ya zo ya yi shaida.

A Funtuwa muka sake mota, muka yi ta jiran ta cika har azahar. Na sauka na hau ya fi sau biyar, zama ya gagare ni. Shi ko gogan naka ya sayi gasasshiyar masara biyu a kwabo yana ta gwaguya, ko a jikinsa. Wani mai sayen auduga da ya san mu ya ƙwala masa "ango", tasha ta ɗauka. Wallahi ji na yi kamar in nutse.

Hanyar Malumfashi damina ta cinye ta. Sau biyu muna sauka maza su tura. Dawa ta yi duhu hagu da dama, matan Maguzawa na dawowa daga gona da fartanyu suna yi mana dariya. Ban ga laifinsu ba, takalmin birni na sa.

Mun iske Baba a zaure gab da magariba. Ya sa aka ba baƙo ruwa, ni ko kallo ban samu ba. Dattijon ya rantse ba aure ba sadaki, wasa ne kawai. Baba ya ce shi bai san sana'ar da ake kiran namiji maigida a kan ƙarya ba, a yi a gabansa ya gani.

Na ɗaure gyale a ƙugu, na kama kunkumi, na dira wa dattijon faɗa: mutum sai ka ce turmi, inda aka ajiye shi nan za a tarar da shi! Matan gida na bayan zana suna ta ƙyalƙyatawa. Baba bai ko murmusa ba.

"Muryar uwarki ce wannan," in ji shi. "Sake yi."

Shekara bakwai da rasuwar Inna. Ban taɓa lura ba, Allah ya sani. Na sake yi, babu wanda ya yi dariya.

Da safe ya rako mu bakin hanya, ya ce in koma bakin aikina, amma duk ranar da akwatin nan ya iso Malumfashi a aiko a faɗa masa.

Mun shigo Kaduna da la'asar, ƙafafuna duk taɓo. Da ina taƙama ni na ƙirƙiro matar nan da ake yi wa tafi, ashe Inna ce ke ciyar da ni har yanzu. Jibi za mu fito a talabijin, kuma ban san yadda zan buɗe baki ban yi kuka ba.